Cawood Ledford: mai sharhin rediyon da aka rataye rigarsa a zauren wasan jami'a

Wani matashi da ke koyon sharhin wasanni a wani gidan rediyon FM ya aiko min da tambaya. Ya ce ya ga hoton zauren ƙwallon kwando na Jami'ar Kentucky da ke Amurka, an jera rigunan tsofaffin 'yan wasa da masu horarwa a can sama, sai ga wata ɗauke da sunan mutumin da bai taɓa buga wa jami'ar wasa ba, wai shi Cawood Ledford, mai sharhi a rediyo. Yana so ya san wane irin aiki mutum zai yi a bakin makirufo har a yi masa wannan karamci, a wasan ɗalibai ma ba na ƙwararru ba, kuma ko akwai abin da mai koyo a nan gida zai ɗauka daga gare shi.

Ƙanena, ka tambayi mutumin da ya cancanci a tambaya. Amma ka fara cire zaton cewa wasan jami'a a Amurka ƙaramin abu ne. A jihohi da dama shi ne babban wasa. Jihar Kentucky ba ta da ƙungiya ko ɗaya a manyan gasannin ƙwararru huɗu na ƙasar, kuma ƙungiyar ƙwararru ta ƙwallon kwando da ta taɓa zama a birnin Louisville, wato Kentucky Colonels, ta watse tun 1976. Saboda haka, in ka ɗebe magoya bayan Jami'ar Louisville da suka fi yawa a birninsu, ƙungiyar jami'ar jiha da ke Lexington, wadda ake kira Wildcats, ita ce ta manomin taba, ita ce ta mai haƙar kwal, ita ce ta lauya da limamin coci. Zauren da ka gani a hoto, Rupp Arena, an buɗe shi a 1976 da kujeru kusan 23,000. Jihar kuwa gundumomi 120 gare ta, kuma mafi yawan mutanen da ke kwana da tashi da wannan ƙungiya ba su taɓa taka ƙofar zauren ba. Tikiti wuyar samu gare shi, hanya da nisa, aljihu ba nauyi. Waɗannan mutane su ne jama'ar Ledford.

Shi ma daga cikinsu ya fito. An haife shi a 1926 a gundumar Harlan, can cikin duwatsun gabashin jihar, ƙasar haƙar kwal da ta yi suna da talauci da rigingimun ma'aikata da masu kamfani a shekarun 1930. Daga Harlan zuwa Lexington ya haura kilomita 200, hanya mai hawa da gangara da kwana-kwana. Ya yi aikin soja a rundunar kundumbalar ruwa ta Amurka lokacin yaƙin duniya na biyu, ya yi digiri a kwalejin Centre da ke Danville, ya dawo gida ya koyar da Turanci a makarantar sakandare. A 1951 ya shiga ƙaramin gidan rediyon garinsu, WHLN, yana sharhin wasannin sakandare da na wata ƙaramar ƙungiyar garin. Bayan shekara biyu, a 1953, ya koma Lexington ya fara sharhin wasannin jami'a, na kwando da na ƙwallon Amurka mai kama da zari-ruga. A 1956 babban gidan WHAS na Louisville ya ɗauke shi, ya yi sama da shekara ashirin a can kafin ya kafa kamfaninsa. Gidan da yake aiki ya sauya, amma muryar da ke kawo wasannin Kentucky ba ta sauya ba har 1992. Shekara 39 ke nan.

Koyar da harshen nan da ya yi kafin rediyo, ni a ganina ba ƙaramin tasiri ya yi ba. In ka saurari faifansa za ka ji jimloli cikakku a cikin gudu, ba ya cinye ƙarshen kalma, ba ya tara surutu don cike gurbi.

Lokacin da ya shigo ma abin lura ne. A 1951 aka bankaɗo cewa wasu fitattun 'yan wasan Kentucky na shekarun baya, ciki har da Alex Groza da Ralph Beard, sun karɓi kuɗi daga 'yan caca don su rage tazarar makin da za su ci da shi. Hukuncin da ya biyo baya ya sa ƙungiyar ba ta buga kakar 1952 zuwa 1953 ba gaba ɗaya. Kakar da Ledford ya fara ita ce ta dawowa, kuma yaran suka ci wasa 25 ba a doke su ko sau ɗaya ba. A ɓangaren ƙwallon Amurka kuma, shekararsa ta farko ita ce ta ƙarshe ga shahararren koci Bear Bryant a Kentucky. Kocin kwando a lokacin shi ne Adolph Rupp, wanda ya riƙe ƙungiyar daga 1930 zuwa 1972, ya ci wasa 876 da kofin ƙasa huɗu, mutum mai kaifin harshe da ba ya ɗaukar raini. Matashin da ya fito daga duwatsu sai da ya koyi yi wa irin wannan mutum tambaya a gaban makirufo kafin kowane wasa.

Kada kuma ka ɗauka shi kaɗai ne a fagen tun farko. A shekarun 1950 da farkon 1960 gidajen rediyo da yawa ne ke kawo wasa guda a lokaci guda, kowa da nasa mai sharhi, mai sauraro na murɗa akwatinsa ya zaɓi wanda ya fi kwanta masa. Babban abokin gogayyarsa shi ne Claude Sullivan, gwani ne na gaske, wanda cutar daji ta ɗauke a ƙarshen 1967 yana ɗan shekara arba'in da 'yan kai. Bayan haka jami'a ta taƙaita haƙƙin watsa wasanninta ga kafa guda, kuma Ledford ne ya zama muryar wannan kafa. Shekaru goma sha da ya yi yana gasa da wasu a kan kunne guda su suka gyara shi. Wanda ya san ana iya murɗe shi a koma wajen wani ba ya zuwa aiki da rabin shiri.

Akwai abubuwa uku na zamanin da suka ɗaga shi, waɗanda ba ƙwarewarsa ce ta samar da su ba, kuma adalci ne a faɗe su.

Na farko ƙarfin tasha. WHAS na watsawa a matsakaicin zango, kan lamba 840, da ƙarfin wat 50,000, kuma tana cikin tashoshin da hukuma ta keɓe wa zangonsu da dare don kada wata ta yi musu kutse. Da rana irin wannan sauti yana bin ƙasa ne, iyakarsa ba nisa sosai. Da rana ta faɗi sai wani sashe na sararin sama ya riƙa dawo da shi ƙasa a wurare masu nisan ɗaruruwan kilomita. Duk wanda ya taɓa kama Rediyon Kaduna da dare daga wani gari mai nisa ya san wannan. Wasannin kwando kuwa galibi da dare ake yi, a lokacin sanyi. To a daidai waɗannan shekaru ne aikin kwal ya ja baya, injuna suka maye gurbin mutane, dubban iyalai suka bar duwatsu suka nufi masana'antun Ohio da Michigan. Gundumar Harlan da ta kai mutum 75,000 a 1940 yau ba ta kai 30,000 ba. Mutumin Harlan da ke aiki a kamfanin mota a Detroit zai fita ya zauna cikin motarsa a tsakiyar sanyi, ya kunna rediyo, ya yi ta lallaɓa maɓalli har muryar ta fito ta cikin ƙara. Abin da yake ji ya wuce sakamakon wasa. Ɗan garinsu ne ke magana, da lafazin da ya saba ji tun yana yaro.

Na biyu ƙarancin talabijin. Hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ita ke riƙe da haƙƙin nuna ƙwallon Amurka a talabijin tun farkon shekarun 1950, tana ƙayyade sau nawa za a nuna kowace jami'a, don tsoron kada mutane su daina zuwa fili. Sai a 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe wannan tsari a ƙarar da jami'o'in Oklahoma da Georgia suka shigar. Tashar talabijin ta wasanni zalla, ESPN, ma sai 1979 ta fara aiki. A ɓangaren kwando, wasannin Kentucky da yawa ba a nuna su kai tsaye, wasu sai cikin dare a sa faifan bayan an gama. Kusan shekara talatin na aikinsa, in kana son sanin abin da ke faruwa a daidai lokacin da yake faruwa, rediyo ne kawai. Da talabijin ɗin ta yawaita kuma, sai aka ga wani abu da ya zama al'ada a jihar: a kunna hoto, a kashe sautinsa, a ɗora rediyo a kai.

Na uku shi ne yanayin wasan jami'a kansa. Ɗan wasa shekara huɗu ce iyakarsa, ya gama ya tafi. Koci ana kora, ko ya yi ritaya. Ledford ya yi aiki da masu horar da kwando huɗu, Rupp, Joe B. Hall, Eddie Sutton da Rick Pitino, da jerin masu horar da ƙwallon Amurka da suka fi haka yawa. Yaron da ya saurare shi a cinyar kakansa a 1958, lokacin da Kentucky ta doke Jami'ar Seattle ta ɗauki kofi, shi ne magidancin da ya saurare shi tare da nasa ɗan a 1978, daren da Jack Givens ya ci maki 41 aka doke Jami'ar Duke da 94 da 88. Duk fuskokin fili sun sauya tsakanin waɗannan darare biyu, muryar ce kaɗai ba ta sauya ba. Shi ya sa ba Kentucky kaɗai ke da irin wannan mutum ba. Max Falkenstien ya yi shekara 60 yana kawo wasannin Jami'ar Kansas, su ma sun rataye masa riga mai lamba 60. Jack Cristil ya riƙe na Mississippi State daga 1953 zuwa 2011. Woody Durham ya yi shekara 40 a North Carolina.

Sai dai zamani na ba mutum dama ne kawai, ba ya yi masa aikin. Mu zo kan abin da yake yi da bakinsa, domin nan ne amfaninka yake.

Kafin a jefa ƙwallo sama, yakan gaya wa mai sauraro ta wane ɓangare Kentucky za ta kai hari, daga hagu zuwa dama ko daga dama zuwa hagu, yana kwatanta shi da fuskar akwatin rediyon da ke gabansa. Ka tsaya ka duba hikimar wannan. Tsoffin rediyoyi suna da dogon gilashi mai lambobi da allura. Da jimla guda ya mayar da wannan gilashi filin wasa. Daga nan duk abin da ya ce, kusurwar hagu, bakin da'ira, ƙarƙashin kwando, yana da mazauni a idon wanda ke zaune a ɗakin girki a Harlan. Masu koyo da yawa da nake saurara suna gaya min wanda ke riƙe da ƙwallo, ba sa gaya min inda yake tsaye. In ban san inda yake ba, ban san ko in tashi tsaye ko in ci gaba da shan shayina ba.

Sannan yana tafiya tare da ƙwallo, ba ya binta a baya. Wannan shi ne mafi wuya a kwando, inda ƙwallo kan sauya hannu sau huɗu cikin daƙiƙa biyar. A zauren da ke cike, ihun jama'a na shiga makirufo. In ihun ya riga ka, mai sauraro ya riga ya san an ci, maganarka ta zama tsohon labari. Ledford yakan faɗi wanda ya yi jifa da inda ya tsaya tun ƙwallo na sama, ya rufe da gajeriyar kalma ta an ci a daidai lokacin da ihun ke tashi. Don ya iya haka, sai ya zubar da duk abin da ba dole ba. Siffantawa da labari yakan ajiye su sai an busa, ko ya bar wa abokin zamansa, Ralph Hacker, wanda suka yi shekara ashirin tare.

Ina da yaƙinin sukuwar dawaki ce ta koya masa wannan. Kentucky ƙasar dawaki ce, kuma Ledford ya yi shekaru yana kawo sukuwar Kentucky Derby ga rediyon CBS na ƙasa baki ɗaya, har ya karɓi lambar Eclipse, wadda ita ce babbar lambar yabo a harkar sukuwa a Amurka. Ana yin wannan sukuwa a filin Churchill Downs na Louisville tun 1875, kuma a yanzu ranar Asabar ta farkon watan Mayu ake yin ta. Tsawonta kusan kilomita biyu, cikin kusan minti biyu, dawaki kan kai ashirin. Mai sharhi na can sama da tabarau mai hangen nesa, ba ya iya karanta lamba, sai dai ya haddace launin rigar kowane mahayi da hularsa kafin a tashi, ya jero su daga na gaba zuwa na baya, ya sake jerowa bayan sun sauya wuri a kwana. Ba damar duba takarda, ba damar gyara kuskure. Wanda ya saba da wannan, 'yan wasa goma a filin katako ba za su ruɗa shi ba.

Akwai kuma maimaita maki da lokaci. Mai sauraron rediyo ba daga farko yake shigowa ba. Wani yanzu ya tashi daga aiki, wani yanzu ya shiga mota. Tsohon gwanin sharhi na Amurka, Red Barber, yakan ajiye ƙaramin agogon yashi na minti uku a gabansa, duk lokacin da yashin ya ƙare sai ya faɗi maki ya juya shi. A kwando minti uku ma ya yi yawa. Ledford na faɗin maki kusan bayan kowane ci, da sauran mintunan da suka rage. Ka gwada wannan a wasan da za ka kawo na gaba: ka ɗauki sautinka, ka ba wanda bai kalli wasan ba, ka sa ya fara saurara daga tsakiya, ka ga minti nawa zai yi kafin ya san wa ke gaba.

Abin da ya fi duk waɗannan a wurina shi ne gaskiyarsa. Kowa ya san Kentucky yake so. Muryarsa na tashi in sun ci, tana sauka in an ci su. Amma in suna wasan banza yakan faɗa, in ɗan wasan abokan hamayya ya yi abin burgewa yakan yaba, in alƙali ya busa daidai a kan Kentucky ba ya ɗora masa laifi don ya faranta wa jama'a. Akwai wata makaranta dabam a wannan sana'a, irin ta Larry Munson na Jami'ar Georgia, wanda ya riƙe makirufo daga 1966 zuwa 2008, yana magana da "mu" da "su", yana roƙon 'yan wasa, yana fargaba a fili kamar kowane ɗan kallo. Mutanen Georgia sun so shi matuƙa, kuma ban raina gwanintarsa ba. Amma in ka tambaye ni wanda zan ce ka bi, Ledford ne. Dalili kuwa, mai kallon talabijin yana da idonsa, in ka yi son kai zai gani ya yi maka uzuri. Mai sauraron rediyo ba shi da kowa sai kai. In ka ce an zalunci ƙungiyarku alhali ba a zalunce ta ba, ka cusa masa ƙarya a wurin da ba shi da hanyar tantancewa, gobe ya je ya yi musu da ita a kasuwa. Kuma ranar da aka yi zaluncin gaske, maganarka ba ta da sauran nauyi.

An fi ganin wannan hali nasa a ƙwallon Amurka, inda Kentucky ba ta da ƙarfi. In ka ɗebe 'yan shekaru masu daɗi, kamar 1976 da suka ci kofin Peach Bowl da 1977 da suka ci wasa goma cikin sha ɗaya, yawancin kakannin shan kashi ne. Kawo wasan ƙungiyar da ake lallasawa mako bayan mako, ba tare da ka yi mata ba'a ba, ba kuma tare da ka yi wa mai sauraro ƙaryar cewa komai lafiya ba, ya fi kawo wasan ƙarshe na kofi wuya nesa ba kusa ba.

Amma kada in zuga shi fiye da kima. Kujerar da ya zauna a kai tana da iyaka. Mai sharhin ƙungiya yana tafiya da 'yan wasa a jirgi guda, yana kwana a otal guda da koci, kuma jami'a na da ta cewa a kan wanda zai riƙe makirufo. Zai iya cewa yau tsaron baya ya lalace, amma ba shi ne zai binciko abin da ke faruwa a ofis ba. A 1966 Kentucky, da 'yan wasa farare zalla, ta sha kashi a wasan ƙarshe a hannun kwalejin Texas Western wadda ta fara da baƙaƙen fata biyar, 72 da 65, kuma sai 1969 Rupp ya ɗauki baƙar fata na farko, Tom Payne. Ba daga teburin sharhi matsin da ya kawo wannan sauyi ya fito ba. A 1985 jaridar Lexington Herald-Leader ce ta fallasa yadda masu kuɗi magoya baya ke ba 'yan wasa kuɗi a ɓoye, aikin da ya ba 'yan jaridarta biyu lambar Pulitzer, babbar lambar yabo ta aikin jarida a Amurka, a 1986, ya kuma jawo wa jaridar barazana da janyewar masu saye. Aikin ɗan jarida mai bincike dabam, na mai sharhin ƙungiya dabam. In ka zaɓi na biyu, ka san abin da ka zaɓa, kuma kada ka tsaya a hanyar masu yin na farko.

Ƙarshen aikinsa ya zo a wani yanayi da ya ƙara masa girma. A 1988 wani kunshin saƙo da aka aika wa mahaifin wani ɗan wasa da ake zawarci ya buɗe a hanya, aka ga dala 1,000 a ciki. Bincike ya biyo baya, Sutton ya sauka bayan kakar da aka ci su sau 19, NCAA ta hana Kentucky shiga gasar ƙasa na shekara biyu. Manyan 'yan wasa suka watse. Waɗanda suka tsaya ba a ɗauke su a bakin komai ba: Richie Farmer, John Pelphrey da Deron Feldhaus, dukkansu 'yan ƙananan garuruwan Kentucky, da Sean Woods daga Indiana. A Disambar 1989 Kansas ta ci su 150 da 95. Ledford ne ya zauna ya kawo wannan wasa har ƙarshe. Pitino ya gina su a kan gudu da jifan maki uku, wanda bai daɗe da shigowa wasan jami'a ba, har suka kai kansu wasan neman shiga zagayen huɗun ƙarshe a 1992, shekarar da aka ɗage musu takunkumi, kuma shekarar da Ledford ya riga ya sanar cewa zai ajiye aiki.

Ranar 28 ga Maris 1992 ne, a Philadelphia, da Duke mai riƙe da kofi. Aka tashi kunnen doki, aka shiga ƙarin lokaci. Saura daƙiƙa 2.1 Woods ya jefa wata ƙwallo ta bugi allo ta faɗa, Kentucky 103, Duke 102. Bayan hutun da Duke ta nema, Grant Hill ya wurga ƙwallo daga ƙarshen fili zuwa wancan ɓangaren, Christian Laettner ya cafe, ya buga ta ƙasa sau ɗaya, ya juya ya jefa. Ta shiga. 104 da 103. Laettner bai ɓarar da jifa ko ɗaya ba a daren. Mutumin da ya yi shekara 39 yana son wannan ƙungiya ya faɗi abin da ya faru yadda ya faru, ya faɗi maki, bai nemi wanda zai ɗora wa laifi ba. Kocin Duke, Mike Krzyzewski, maimakon ya tsaya wajen murna, sai ya tako zuwa teburin rediyon Kentucky, ya karɓi makirufo ya yaba wa yaran da ya doke, yana magana kai tsaye da mutanen jihar. Ya san ta inda ake isa gare su. Ledford ya rufe da godiya ga waɗanda suka yi wannan doguwar tafiya tare da shi, yana aron kalaman bankwanan Rupp.

Ya koma Harlan da zama. A 1994 zauren karrama gwanayen ƙwallon kwando na Naismith ya ba shi lambar Curt Gowdy ta 'yan jarida. Ya rasu ranar 5 ga Satumba 2001 yana da shekara 75, bayan fama da cutar daji, kuma a ƙarshen wannan shekara aka sa wa dandamalin wasa na Rupp Arena sunansa. Rigar da ka gani tana cikin biyu da aka rataye wa waɗanda ba 'yan wasa ba kuma ba masu horarwa ba. Ɗayar ta Bill Keightley ce, mai kula da kayan 'yan wasa na kusan rabin ƙarni. Abin da na fi daraja a gadonsa shi ne asusun tallafin karatu da aka kafa da sunansa lokacin ritayarsa, don tsofaffin 'yan wasan da shekarun wasansu suka ƙare ba su gama digiri ba su dawo su kammala. Mutumin da ya ga ɗaruruwan yara sun zo an yi musu tafi sun tafi hannu wofi ya san inda ciwon yake.

Ko za a sake yin irinsa a can? Da wuya. Hacker ya gaje shi, daga baya Tom Leach ya karɓa, kuma ya haura shekara ashirin yana riƙe da kujerar da mutunci. Amma yanzu kusan kowane wasa na talabijin ko a waya. A 2014 jami'ar ta sayar da haƙƙin rediyo da tallace-tallacenta ga kamfanin JMI Sports kan dala miliyan 210 na shekara 15, kuma duk inda kuɗi ya kai haka, kowace daƙiƙar shiru an sayar wa mai talla. Tsohuwar dabarar kashe sautin talabijin ma ta yi wuya, don hoton yakan makara da daƙiƙoƙi a bayan rediyo.

A wajenmu kuwa yanayin da ya haifi Ledford bai gushe ba. Har yanzu rediyo ne abokin direba da manomi da mai shago, kuma akwai miliyoyin da ba za su iya zuwa fili ba. Wasannin jami'o'inmu, da ake yi ƙarƙashin NUGA, ƙungiyar wasannin jami'o'in Najeriya, tun 1966, ba su da irin wannan jama'a, don haka ba nan zan ce ka nema ba. Abin da ya fi kusa da shi shi ne kokawar takobi ta Nijar, wadda aka fara a Tahoua a 1975, inda jiha guda ke tsayawa cik a bakin rediyo don ɗan kokawarta ya shiga fili, ana kawo musu da harshensu. Haka dambe, haka wasannin gida na ƙungiyoyi irin su Kano Pillars da Katsina United, musamman in sun tafi waje inda ba mai nunawa. Yawancin matasanmu sun fi son su zauna a situdiyo suna kallon wasan Ingila a allo suna maimaita abin da mai sauraro zai iya gani a gidan kallo. Ni da zan ba ka shawara, ka nemi ƙungiya guda ta garinku, ka roƙi shugaban shirye-shirye ya ba ka wasanninta gida da waje, ka san yaran da unguwanninsu, ka rubuta sunayensu da lambobinsu a kwali da hannunka kafin kowane wasa. Sannan ka adana sautin kowane wasa da ka kawo, da kwanan wata a jiki, a wuri biyu dabam, domin gidajen rediyonmu da yawa suna goge na jiya su ɗora na yau.